Busasshen Itacen Asenath

Asenath Holbrook ba ta taɓa zama a kan bencin makaranta ba. A garinsu Wendbury, can cikin tsaunukan Massachusetts, da bazara ake tara 'yan mata a ɗakin wata tsohuwa, a koya musu karanta Littafi Mai Tsarki da ɗinki, shi ke nan. Rubutu da lissafi na maza ne, da hunturu ake yin su, lokacin da ƙanƙara ta rufe gonaki, gari ya ɗauko malami namiji.

Ta auri Elnathan bayan ya dawo daga yaƙin neman 'yancin kai da ƙasarsu ta yi da Ingila, da ɗingishi da yawan dariya. Ta shigo masa da wani daji da ta gada wajen mahaifinta, ranar ɗaurin aure dajin ya zama nasa, haka doka ta ce. Ba ta yi gunaguni ba. Tana son mutumin, kuma a ganinta kaɗi da saƙa da yin kyandir aiki ne da Allah ya ɗora mata. Abin da ke cin ranta ɗaya ne. Duk Lahadi limamin coci sai ya ce sabuwar ƙasa aka kafa, uwaye ne za su raini waɗanda za su riƙe ta. Ita kuwa ta dubi Tirzah, 'ya ɗaya da Allah ya bar musu, ta ce a ranta, to da me za ta raine ta, da allura?

Al'adar garin, duk gidan da ke da ɗa a makaranta shi zai kai itacen wuta. Kowa kuma ya san dabarar: a kai wa makaranta ɗanye, a bar busasshe a gida. Malamin wannan shekarar, wani saurayi mai suna Pruden, gida-gida yake bi ana ciyar da shi. Da layi ya zo kan su Asenath, sai ga shi da idanu jajir, yana tari a kan kwanon wake.

"Malam, kuka kake yi a makarantar?" in ji Elnathan.

"Hayaƙi ne, ranka ya daɗe. Itacen da kuke kawo mini, ruwa yake zubarwa, ba wuta ba. Tawada ta daskare, yara ba sa ganin allo. Wallahi wanda ya kawo mini busasshe, ko kyanwarsa ya turo zan koya mata lissafi."

Elnathan ya tuntsire da dariya. Asenath ba ta yi ba, sai ta riƙe maganar a ranta.

Washegari da mijin ya tafi maƙera, ta kira Tirzah. Suka ɗaura wa shanu karkiya, suka ja amalanken nan mara taya da ake ja a kan ƙanƙara zuwa bakin rumfar da suke ajiye itace, suka yi ta loda itacen da ya shekara yana bushewa. Hannuwansu sun ƙage amma gumi suke yi. A hanya Tirzah sai tsalle take a kan kayan.

"Inna, in suka kore mu fa?"

"Sai mu dawo da itacenmu. Riƙe igiya da kyau, kada ki faɗo tun ba ki koyi komai ba."

Malam Pruden ya leƙo daga cikin hayaƙi, yara maza suka cunkushe a bayansa.

"Malam, ka tuna maganarka ta jiya?" in ji Asenath. "Kyanwar ta ƙi zuwa, sai na kawo Tirzah."

Kafin ya sami bakin amsawa, Dattijo Stebbins na coci, wanda gidansa ke kallon makarantar, ya tako da sandarsa.

"Matar Holbrook, mijinki ya san kin kwashe masa rumfa?"

"Zai sani in ya ji sanyi, Dattijo."

"Yarinya ta iya lissafi, gobe wa zai iya da ita a gidan miji?"

"Wanda shi ma ya iya, mana."

Yaran suka ƙyalƙyale, malam ya daka musu tsawa, amma idonsa na kan itacen. Can sai ga Elnathan yana ɗingishi da sauri, labari ya same shi a maƙera. Yana cikin dattawan da gari ya zaɓa su kula da al'amuransa, don haka kowa ya zuba masa ido. Ya zagaya amalanken, ya ɗaga itace ɗaya ya ƙwanƙwasa.

"Asenath, har da na bayan rumfa? Wanda na ɓoye don tsakiyar sanyi?"

"Har da shi, maigida."

"To da me za mu dafa wake?"

"Da ɗanye, kamar yadda kuka sa malam yake yi."

Ya kalle ta, ya kalli Tirzah da ke rawar sanyi ta ƙi sakin igiya. Sannan ya juya.

"Dattijo, itacen nawa ne, shanun nawa ne. Gidan da ya kawo itace yana da gurbi a benci, haka muka gada. Ni kuwa ɗan da nake da shi ke nan." Ya rungumi itace ya nufi ƙofa.

Stebbins ya buga sanda a ƙasa. "Na ji. Amma ranar da busasshen nan ya ƙare, ranar yarinyar za ta koma gida."

Tirzah ta shige kamar an harba ta.

A hanyar komawa Asenath ji take kamar ta yi waƙa, sai dai akwai abin da bai yi mata daɗi ba, kuma ba mace ba ce mai ɓoye wa mijinta magana.

"Na gode, maigida. Amma ban ji daɗi ba da sai da ka yarda. A dajin ubana aka sare itacen nan."

"To da na ƙi fa?"

"Da na juya shanu, don kai ne maigida. Da kuma ka ci wake ba gishiri har bazara."

Ya yi dariya har ya dafa bayan ɗaya daga cikin shanun. Ita kuwa tunani take. Iko a hannunsa yake, sa'a ta yi yana sonta. Matar da ba ta yi wannan sa'ar ba fa, 'yarta ta zauna ke nan?

Ba ta shiga gida ba. Ta bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, tana tarar da mata a bakin murhu. "Kina da 'ya, kina da rumfa, me kike jira?" Wasu suka ce ba ruwansu da faɗa da coci, wata ta rufe mata ƙofa a fuska. Amma Zilpah Crane, wadda mijinta ya mutu a yaƙi, ba ta da wanda za ta tambaya. Ta ajiye abin kaɗi ta ce, "Ara mini shanunki." Bayanta matar mai niƙa ta biyo, da sanin mijin ko ba da saninsa ba, ba wanda ya bincika.

Kullum da safe Dattijo Stebbins sai ya tsallako ya auna tarin itacen da sandarsa, kullum ya tarar ya ƙaru. Daga baya ya daina zuwa, wai sanyi yana taɓa masa gwiwa. Gidan Holbrook kuwa hayaƙi ya maƙare shi duk hunturun, Elnathan yana tari yana tsinuwa, Tirzah na gefe da allonta tana raba manyan lambobi da ƙarfi don kowa ya ji.

Ranar da ƙanƙara ta fara narkewa aka rufe makaranta, 'yan mata suka fito tare da maza, da sauran busasshen itace jingine a bango. Asenath ta tsaya a bakin hanya da jajayen idanu ta jawo hannun Zilpah.

"Kada mu jira kaka. In muka sare yanzu, kafin sanyi ya dawo ya bushe. Gatarinki yana da kaifi kuwa?"