Ciyawar Sanusi ba ta son taki

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena, Malam Sanusi, Allah ya jiƙansa. Duk ƙarshen damina nakan tuna da shi da nauyi a ƙirji. Bana ce ta farko da na tuna shi na ji sakayau, shi ya sa na ɗauki biro.

Mutanen Funtua sun san shi da koyar da ilimin tsirrai. Mu a garinmu Ƙarfi da tsuguno muka san shi. A ƙasan gonar mahaifinmu akwai wata kusurwa mai yashi, ruwa na tsattsafowa, ko dawa ba ta yi a wurin. Nan yake zuwa ya naɗe wando ya tsuguna, yana kallon wata 'yar ciyawa da ba ta fi tsawon tafin hannu ba. Ganyenta siriri ne mai gashi-gashi, kowane gashi da ɗigo a kansa kamar raɓa, ko da rana ta take. Ƙwaro ya sauka ya manne, ganyen ya narkar da shi ya shanye. Ba mu san sunanta ba, sai muka sa mata mai-raɓa.

Ni ce kan gaba wajen yi masa tsiya. Shi aka sa boko, ni ba a sa ni ba, kuma ban taɓa ɓoye haushina ba. Na ce masa ya ƙarar da ƙuruciya a aji, ya dawo yana gadin ciyawa mai cin ƙuda. Bai yi fushi ba, ya ce in zauna. Ya ce a cikin kowane ganye akwai wasu 'yan ƙwayoyi koraye da ido ba ya gani, su ne madafar shuka, da hasken rana suke dafa mata abinci. Kuma suna da nasu rubutun gado daban, wanda suke tafe da shi tun kaka da kakanni. A yawancin tsirrai rubutun kusan iri ɗaya ne, amma a wasu masu cin ƙwari an tarar wasu layuka sun ɓace, wasu sun sauya wuri. Ko don sun sami wata hanyar abinci ne, ko da wani dalili, ya ce masana ba su gama sani ba. Burinsa ya gano abin da tamu ta Ƙarfi ta riƙe da abin da ta zubar.

Na ce ashe ita ma ciyawa ana cinye mata gado. Ya yi dariya har ya zauna a taɓo. Amma kalmar rubutun nan ta tsaya mini a wuya. Ciyawa na da rubutu, ni Binta ba ni da shi. Da jikoki a gabana na shiga ajin manya.

Ciwo bai bar shi ya yi aikin ba. Yana kwance ya ce mini, "Yaya, kusurwar nan kada a gyara ta. A bar ta yadda take." Na ce na ɗauki amanar.

Da aka zo raba gonar mahaifinmu, na ce a sa kusurwar cikin rabona. Dangi suka ce rasuwar ce ta taɓa ni. Wanda abin ya fi damu shi ne babban wanmu, Alhaji Ɗahiru, don yana jin kunyar a ce ya bar wa ƙanwarsa wurin da ba ya haihuwa. Da rani na tafi Funtua jegon 'yata, ya sa aka kai amalanke bayan amalanke na takin shanu aka baje a kusurwar. Damina ta sauka, ciyawa ta tashi har ƙugu, kore shar. Mai-raɓa ko ɗaya babu.

A zaurensa na same shi, da baƙi a zaune, ban jira sun tashi ba. Na tambaye shi wa ya aike shi.

"Ke Binta, taki na zuba miki, ba guba ba," in ji shi. "A garin nan wa ya taɓa zagin wanda ya kawo masa taki?"

Gaskiyarsa ce, babu. Na ce masa ita wannan da talaucin ƙasa take rayuwa, shi ya sa take cin ƙwari, in aka ciyar da wurin sai manyan ciyayi su danne ta. Ya ce shi bai taɓa jin abin da ƙoshi ke kashewa ba sai a bakina ni da Sanusi. Muka daɗe gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Na koma kusurwar da fartanya da kwano. Na kankare ƙasar sama na kwashe, na yanke ciyawa, shekara na bin shekara. Masu feshin maganin ciyawa a gonakin maƙwabta sun san muryata tun daga nesa. Hadiza, 'yar Sanusi, ta shiga jami'a tana karatun ubanta, kuma duk ƙarshen damina sai ta bugo waya: "Gwaggo, ta fito?" In ce tukuna. Takan ce iri na iya kwanciya a ƙasa ya daɗe, ni kuwa ina zargin lallashina take yi. Bana ta kai ga aikin bincikenta na ƙarshe. In mai-raɓa ba ta fito ba, dole Hadiza ta zaɓi wani abu, ni kuma in zauna da amanar da na kasa riƙewa.

Rannan da hantsi sai ga babur a ƙofar gidana. Alhaji ne, babbar rigarsa duk taɓo daga gwiwa zuwa ƙasa.

"Taso," ya ce. "Ciyawar nan taku mai baƙin hali ta dawo."

Ashe shi ma yana zagayawa wurin, bai taɓa faɗa wa kowa ba. A can gefen da ruwa ya fi wanke yashin muka same su, 'yan kaɗan, suna ƙyalli, ɗaya ma har ta kama wani ɗan ƙwaro. Alhaji ya tsuguna yana nuna mini da yatsa, yana cewa in yi hankali da ƙafata. Na kalli ƙeyarsa, sai na ga ta Sanusi.

Hadiza ta zo ta ɗebi ganye kaɗan ta tafi. Ta ce karanta rubutun gadon nan ya fi sauƙi yanzu fiye da zamanin babanta. Da yana nan, na san zai yi murna da wannan. Na kuma san ba zai ji daɗi ba in ya ga yadda fadamu suka koma shinkafa da feshi, ba a bar wa komai gefe ba. Abin da Hadiza za ta gano ban sani ba. Na dai ce mata in ta gano ta rubuto mini da Hausa, ni zan karanta da kaina.

Sanusi bai bar gini ba, bai gama bincikensa ba. Ya bar 'ya mai tambaya irin tasa, ya bar yayar da ta iya riƙe biro, ya bar wata kusurwa da yanzu dangi suka san ba a yi mata alherin taki. Makon jiya wani yaron gona ya nufo wurin da buhun takin zamani a ka, zai ratsa. Kafin in buɗe baki, Alhaji ya riga ni daka masa tsawa.

Allah ya haskaka kabarinka, Sanusi. Ta fito.