Daeng Sikki da 'Yan Bayan Bontolanra

Sunansa na yanka Sahabuddin, amma a Bontolanra ko matarsa ba ta kiransa da shi, Daeng Sikki kowa ya sani, Daeng ɗin kuwa laƙabin girmamawa ne a wurinsu. Shekara goma sha huɗu ya yi yana buga wa ƙungiyar ƙauyen baya, tun ana wasa ba takalmi, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa jefa ƙwallo a raga ba, ko bisa kuskure. In aka tsokane shi sai ya ce, "Ku je ku tambayi 'yan gaban Galesong nawa suka ci a gabana." Daga baya ya bi jiragen masu neman ƙwan kifi har tekun Papua, a yi wata huɗu ba a gan shi ba, har ranar da igiyar anga ta fizge masa gwiwa. Ya dawo gida yana ɗingishi, ya buɗe rumfar gyaran injin kwalekwale a bakin teku, matarsa Daeng Bau tana soya ayaba a gefe tana sayar wa masu jiran gyara.

Bayan la'asar kuwa ba a samunsa a rumfa. Yana gindin mangwaron bakin filin ƙwallo, daga shi sai zanen da ya ɗaura a ƙugu, yana yi wa samarin ƙauye ihu ba mai sauraronsa. Samarin nan, masunta da 'yan acaɓa da lebura biyu, sun iya ƙwallo ba ƙarya, sai dai kowa so yake a ce shi ya ci. Wata Lahadi aka ci su shida suka rama biyar, suka fito suna tafawa kamar sun ɗauki kofi. Daeng Sikki ya kasa haƙuri, ya tare su a hanya.

"Murnar me kuke yi? Gidanku ko ƙofa babu, wanda ya ga dama ya shiga."

Kyaftin ɗinsu Irwan, ɗan acaɓa mai fara'a, ya ce, "To Daeng, maimakon ka ƙarar da muryarka a gindin mangwaro, ka shigo fili ka sa mana ƙofar mana. Gasar watan Agusta saura mako bakwai."

Da wasa ya faɗa. Ranar Litinin sai ga Daeng Sikki tafe da naɗin igiyar jirgi a kafaɗa. Ya kira 'yan baya huɗu, ya ɗaure su a ƙugu ɗaya bayan ɗaya, ya bar taku goma-goma tsakaninsu. Fili ya ɗauki dariya, wani ya tambaya ko kasuwar shanu za a kai su.

Daeng Sikki ya ce, "Ku yi dariyarku. Wanda ya fi kusa da mai ƙwallo shi zai tare shi. Na biyu ya tsaya bayansa a karkace, in an wuce na farko ya tarar da shi. Sauran ku matso, kada ku bar ramin da akuya za ta bi. Kuma wanda ya kai ƙafa kafin lokaci, ni da shi."

Aka fara. Ƙwallo ta tafi dama, Irwan ya ruga, igiya ta miƙe, Sapri da ke can hagu yana hamma ya ji an fizge shi, ya kife. Haka suka wuni suna faɗuwa, suna zagin juna, suna tashi. A mako na biyu faɗuwa ta ragu. A na uku sai aka fara jin muryoyinsu tun daga masallaci: "Nawa ne." "Ina bayanka." "Matso, Sapri, matso." Daeng Sikki yana ɗingisawa a gefensu, gumi sharkaf, yana cewa ɗan baya mara magana gara a kafa turmi a wurinsa. Ya koya musu su juya ɗan gaba zuwa bakin layi, su ja da baya a hankali har 'yan tsakiya su dawo, kuma su dinga kallon ƙwallo ba rawar ƙafar mai ita ba. Ko a gida bai bar abin ba. Daeng Bau ta sha shigowa ta tarar ya jera mata kofunan shayi huɗu a tabarma yana tura su gefe guda.

"Baban Ulfa, kofunan nan fa na baƙi ne."

"Bari, Bau. Dubi yadda na hagu yake makara."

Mutum ɗaya ne ya ƙi. Fadel, ɗan gabansu, wanda ya taɓa zuwa gwaji birnin Makassar kuma bai bari kowa ya manta ba, ya ce shi ba a haife shi don bin bayan wani ba. In aka ƙwace masa ƙwallo sai ya tsaya riƙe da ƙugu. Daeng Sikki bai yi masa faɗa ba. Ya ce ya zaɓi mutum biyar da yake so, su shida su afka wa huɗun nan minti goma sha biyar. Fadel ya yi yanka, ya yi gudu, ya canja gefe. Duk inda ya wuce mutum ɗaya sai ya tarar da wani a tsaye yana jiransa. Da lokaci ya cika bai ko buga wa gola ba. Ya zauna a ƙasa yana haki.

"Daeng, ai sun fi huɗu."

"Huɗu ne. Da kai za su zama biyar, in ka ga dama."

Duk da haka Fadel bai canja ba.

Gasa ta zo, suka ci wasa uku a jere, ƙwallo ɗaya tak aka zura musu. Wasan kusa da na ƙarshe da 'yan ƙauyen Mangindara ne, waɗanda suka ɗauko wani dogon ɗan gaba haya daga birni, mai takalmi ruwan ɗorawa. Mutane suka cika filin har kan bishiyoyin kwakwa, mata da tukwane da murafe suna kaɗawa. Minti goma na farko dogon nan ya zo sau uku, sau uku ana raka shi bakin layi kamar baƙon da aka sallama. Sai ya fara yi wa 'yan wasansa faɗa. Daeng Sikki na tsaye kan layi, ya manta da gwiwa, yana tafiya dama da hagu tare da 'yan bayansa kamar shi ne na biyar.

Da aka dawo hutun rabin lokaci abin ya ɓaci. Sapri ya kai ƙafa a makare, alƙali ya ɗaga masa jan kati. Saura mutum goma, ga minti ashirin da biyar a gaba. Mangindara suka taso gaba ɗaya. Ƙwallo ta daki ƙarfe, ta dawo, Irwan ya sa kai ya fitar. Suka gane hagu a buɗe take, suka dinga bi ta nan. Daeng Sikki ya juya benci yana neman wanda zai saka, sai ya ji filin ya ɗauka da sowa. Ya waiga. Fadel ne a guje tun daga tsakiya, ya zo ya tsaya a gurbin Sapri, ya durƙusa kaɗan, yana ja da baya a hankali a gaban dogon nan.

Irwan ya ce, "Ina bayanka, kada ka kai ƙafa."

"Na sani, ɗan acaɓa, rufe mini baki."

Dogo ya yi rawa, ya sake rawa, Fadel ko gezau. Da ƙwallo ta ɗan yi masa nisa da ƙafa sai Fadel ya zare ta, ya miƙa wa Irwan, ya juya ya zuba a guje. Irwan ya ɗaga masa ita ta saman kowa. Mangindara duk suna gaba, daga Fadel sai gola. Ya ɗan jira golan ya kwanta, ya tura ta gefen dama.

Abin da ya biyo baya har yanzu ana gardamarsa. Wasu sun ce Daeng Sikki ya yi tsalle, shi kuwa ya ce mai gwiwa irin tasa ba ya tsalle. Abin da kowa ya yarda da shi, zanensa ya kwance, Daeng Bau ce ta bi shi cikin fili da shi a hannu. Da aka natsa suka tsare gidan nan minti goma sha takwas, Fadel yana cikin layi yana ba da umarni fiye da kowa, har alƙali ya busa.

Wasan ƙarshe ba su ci ba. An tashi babu ci, aka je bugun fenariti, suka zubar da biyu. Kofi ya tafi Galesong, su kuma aka ba su akuya da buhun shinkafa. Aka ɗora akuyar a acaɓar Irwan aka zaga ƙauye da ita sau biyu ana ham. Washegari aka yanka ta, aka dafa a ƙofar masallaci, mai gari ya ce koci ya tashi ya yi jawabi. Daeng Sikki ya miƙe, ya buɗe baki, murya ta ƙi fita, kwana goma yana ihu. Ya yi ta nuna maƙogwaro, jama'a na dariya, ya koma ya zauna ya ja kwanonsa.

Ranar Litinin mutum talatin da ɗaya suka zo atisaye, har da biyu daga Mangindara da suka tsaya nesa-nesa suna sosa kai. Ya yafito su da hannu, ya raba kowa gida-gida. Sannan ya ja Sapri gefe, ya durƙusa da ƙyar, ya zana masa a yashi inda ya kamata ya tsaya ranar da aka kore shi.