Malam Lauwali da Ɗakunan da Yake Ginawa a Cikin Kwamfuta

Shekara goma sha tara ke nan Malam Lauwali yana tasowa daga Roni a kan babur, ya buɗe ɗakin kwamfutar makarantarmu a Kazaure kafin kowa ya iso. Kwamfuta ashirin, ɗalibai sun haura ɗari biyu. Wata mai zuwa zai yi ritaya, kuma wallahi gajiyar ta nuna a kafaɗunsa.

Abu ɗaya ya yi ta nanatawa har muka gundura. Duk mai rubuta manhaja da yaren kwamfuta na Python, in ji shi, ya fara keɓe wa aikinsa ɗaki a cikin kwamfutar. Kayan da aikin ke dogaro da su a zuba su a nan, a rubuta samfurin kowanne. Ka shiga ɗakinka, abin da ka girka bai taɓa na maƙwabci ba, kamar kowa da tukunyarsa a murhu ɗaya. Mu malamai mun ɗauke shi mai tsirfa. Ni da bakina na ce wa ɗalibata Mu'minat ɓata lokaci ne.

Mu'minat daga Gwiwa take zuwa, da goyo. Ta riga ta maimaita shekara, in ta sake faɗuwa sallama ce. Ranar da za ta kare aikinta gaban malamai, da safe na sabunta kayan kwamfutar da aikinta ke ciki gaba ɗaya don wani aikina. Ta kunna manhajarta, allo ya cika da jan rubutu.

“Malam, jiya fa lafiya lau take,” ta ce mini.

Lauwali ya jawo kujera. “Kwantar da hankalinki, 'yata. Tun watan jiya na keɓe miki naki ɗakin, da kayanki yadda suke.” Layi ɗaya ya rubuta, manhajar ta tashi. Ko kallona bai yi ba.

Malam Lauwali, kai ne mai gyaran ɓarnar manya, ba ka taɓa tona mu ba. Na buɗe kundin Mu'minat: a shafin godiya sunana ne, naka babu. Kunya ta ishe ni, Malam.

Allah Ya saka da alheri, Ya ba ka hutu. Mu da muka rage kuwa, mu koya wa ɗalibai wannan ɗabi'a tun ranar farko, don gobe in allo ya yi ja, babu mai jawo kujera.