Ƙafata Ta San Birkin Motarsa

Ban taɓa tuƙa mota ba, har yau ban iya ba. Amma na yi shekaru ina zama a kujerar direba duk lokacin da maigidana zai cire wa birki iska. Shi yana kwance ƙarƙashin motar da sifana, ni ina sama. Ya ce taka, in taka. Ya ce riƙe, in riƙe, sai ya ce saki.

Ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Motar ta zauna a rumfar tsakar gidanmu a Birnin Kudu, ba wanda ya taɓa ta. Mahaifiyarsa, Inna, ta zo daga Gwaram ta zauna da ni har aka yi arba'in. Daga nan ta ce za ta koma, gyaɗarta ta isa cira, kuma za ta tafi da 'ya'yana biyu su ɗan sarara a can. Ni ina takaba, ba inda za ni. Ƙanin mijina, wanda kowa ke kira Auta, shi zai kai su.

Da hantsi ya maida batirin da ya kai caji, ya tada motar, ya yi baya da ita don a loda kaya. Ina tsaye bakin ɗaki na ga fitilar birki ta kama, amma motar ta ci gaba da silalewa har ta ture turmi. Auta ya yi dariya.

"Zama ne ya sa ta kasala, matar Yaya. Da mun hau titi za ta warware."

"Fito in gani."

"Ke? Yaushe kika yi lasin ban sani ba?"

Ya fito ya ba ni wuri. Na shiga na zauna. Kujerar tana nan a tsawon ƙafar mai ita, sai da na matso bakinta. Hular aikin marigayi tana gefe, na kau da ido.

Na taka birki, ya tafi laushi kamar na taka soso. Na buga shi sau uku a jere, ya ɗan yi tauri. Sai na riƙe. A hankali ya riƙa nutsewa ƙarƙashin tafin ƙafata har ya kai ƙasa. Marigayi ya sha gaya mini: in ka buga ya yi tauri ya tsaya, iska ce kawai. In ka riƙe ya nutse, man birki yana gudu ta wani wuri.

Na sa Auta ya buɗe bonet. Man birkin ya kusa ƙarewa a 'yar robarsa.

"Wannan ai ba komai ba ne," in ji shi. "A kaɗa garin sabulu a ruwa mu cika. Haka ake yi a tasha, har Gwaram zai kai mu."

"Ba da Inna ba, ba da 'ya'yana ba."

Inna tana zaune kan ƙullin kayanta, mayafi a kafaɗa. Ta ce, "'Yar nan, rana tana yi. Shi ne namiji, bar shi da motarsa."

Ban taɓa musu da Inna ba. Na durƙusa na bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ina shafa bayansu ta ciki. Na gaba a bushe suke. Ta baya ta dama ce ta jiƙa mini yatsu, mai santsi ya bi jikinta ya yi baƙi da ƙura. Na kai hannun gaban Inna.

"Ga man da ya kamata ya tsayar da ku, Inna. Yau kasuwa take ci, babura da shanu cike da hanya. Duk abin da Auta ya zuba, nan zai fita."

Na zare makullin, na ƙulle shi a bakin zanena. Inna ta daɗe tana kallon yatsuna, sannan ta sauke mayafinta.

"Auta, je ka kira makanike."

Makaniken abokin marigayi ne, dattijo. Ya yi mana gaisuwa, ya cire tayar, ya nuna robar cikin birkin da ta mutu, ya sa sabuwa, ya zuba mai na gaskiya. Saura cire iska. Auta ya zauna a kujerar direba, amma sau biyu yana sakin ƙafa kafin a ce masa.

"Kai sauka, kana maida mini iskar da na fitar!" in ji dattijon daga ƙasa. "Hajiya, in ba damuwa. Malam, Allah ya jiƙansa, ya ce ba ki taɓa saki kafin lokaci ba."

Ban san ya taɓa faɗa wa kowa ba. Na koma kujerar.

"Taka. Riƙe. Saki."

Muryar ba ta maigidana ba ce. Na dai yi abin da aka ce, taya huɗu, idona a kan sitiyari. A ta ƙarshe birkin ya tsaya cak a rabi. Na danna da duk ƙarfina, na ƙirga ashirin a zuci, bai motsa ba. Na sa Auta ya gwada motar a layinmu sau biyu, ina jin tsayuwarta daga zaure, sannan na ce a loda kaya.

Bayan azahar suka tafi. La'asar ta gota Auta ya kira.

"Mun iso, matar Yaya. Birki yana ci kamar me. Inna ta ce a gaida babban makanike."

Na ce ina amsawa. Na ɗauko hular daga inda na ajiye ta kafin su tashi, na kai ta ɗaki.