Ranar da Aka Zo Duba Halin Ɗan Yaya

Ni ba mai fita ba ce. Shekara da shekaru ina zaune a Bronx, a wani dogon bene da ke kan titin Grand Concourse, amma in ka ce in raka ka tashar jirgin ƙasa sai na tsaya na yi tunani. Abin da na sani na garin nan ta taga na san shi, sai kuma ta kunne. Ina gane takun kowa a matakala. Ina gane in maƙwabciyarmu 'yar Kumasi ta yi faɗa da mijinta daga yadda take rufe tukunya. Turanci kuwa ban iya ba sai na cefane, amma sautinsa ba ya ɓace mini. Na san in mutum ya ce "oke" da zuciya ɗaya, na kuma san in ya faɗa ne don a rabu lafiya.

A gidan Yayata nake. Ita ta ɗauko ni daga Kano bayan rasuwar mijina, lokacin ɗanta na fari yana rarrafe. Tana aikin kula da tsofaffi, mijinta kuma yana jan tasi, ya wuni a layin tasi na filin jirgin saman JFK yana jiran fasinja. Saboda haka yaron a bayana ya girma. Na goya shi har zani ya daina zagaye mu. Inna yake ce mini.

Girma kam ya yi shi, tubarkalla. Kafin ya gama sakandare sai ya karkace yake shiga ƙofar banɗaki. A makaranta aka sa shi a ƙwallon nan nasu mai kama da gwanda, wanda ake rungumewa a ruga da shi, har wata jami'a ta ɗauke shi saboda wasan. Na daɗe ina kallonsa a talabijin ina jiran in ga ya kama ƙwallon, bai taɓa kamawa ba. Da na yi ƙorafi sai ya yi dariya ya ce, "Inna, ni bango ne." Aikinsa ke nan: ya tsaya gaban mai jefa ƙwallo ya tare ƙattin da ke son danne shi.

Idan yaro ya gama jami'a, manyan ƙungiyoyi suna taruwa a watan Afrilu su yi zaɓe, bi da bi, kowace ta ɗauki wanda take so. Diraf suke ce masa. Wanda aka kira sunansa ya samu shiga. Wanda ba a kira ba, sau da yawa sai dai ya ajiye hular ƙarfen da suke wasa da ita ya nemi wata sana'a. Amma kafin ranar sai an duba su kamar ragunan layya a kara. An auna tafin hannun ɗanmu, an auna tsawon damtsensa, an sa shi gudu da ɗan gajeren wando, an sa shi ɗaga ƙarfe. Haƙoransa ne kawai ban ji an buɗe ba.

Jiki ya wuce, babu wanda ya yi musu. Abin da ya rage shi ne hali. Kocinsa ya gaya masa gaskiya cewa a bakin gaɓa yake, ko a ɗauke shi can ƙarshe, ko a tsallake shi. Masu duba 'yan wasa sun ce shirunsa ya yi yawa, ba ya kallon mutum a ido, ba su san ko yana da zafin zuciya ba, ko kuma wani abu yake ɓoyewa. Ƙungiya ɗaya ce ta ce za ta turo mutum har gida ya ga inda yaron ya fito.

Ranar wata Lahadi ce da rana, sanyi ya fara sauƙi. Na goge falo, na kunna turaren wuta, na yi dafa-duka da naman rago. Babansa tun asuba ya tsere, wai kada layi ya wuce shi. Ni na san kunya ce. Ɗan fari ne fa. Yaya ma tunda ta haife shi ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai "wancan" ko "yaron nan". In an yabe shi a gabanta sai ta kau da kai ta kawo wani zance, kuma tana tsoron baki kamar me.

Baƙon ya zo. Baƙar fata ne, dattijo, ƙato, yana ɗan ɗingishi, da ganinsa shi ma ya yi wasan a zamaninsa. Ya ga takalma jibge a bakin ƙofa, ya cire nasa ba wanda ya ce masa. Nan ya kwanta mini a rai. Ya zauna, ɗanmu ya zauna a ƙasa kan darduma, kai a sunkuye, kamar yadda muka koya masa. Na kawo ruwa da abinci. Ya ɗanɗana ya ce "oke", irin mai tsawon nan mai daɗi.

Sai ya juya ga Yaya ya yi tambaya. Yaron ya mayar mini da ita cikin Hausarsa mai karkata: wai wane irin ɗa ne shi a gida?

Yaya tana jin Turanci sarai, da shi take aiki. Amma a ce ta buɗe baki ta yi zancen ɗanta na fari da baƙo, shi kuma yana zaune? Sai ta dube ni, kamar da ni take, ta ce da Hausa, "To me zan ce? Ci da barci. In ya kwanta sai an yi da gaske yake tashi."

Baƙon ya tambayi yaron me ta ce. Shi kuma, Allah ya yi shi ba ya ƙarya, ya fassara tsaf, har da barcin.

"Oke," in ji baƙon. Wannan ya fi na farko gajarta.

Ya sake tambaya: tana ganin zai iya wasa da manya?

"Wa ya sani?" in ji Yaya, tana gyara mayafi. "Girman jikin ne dai kawai. Akwai waɗanda suka fi shi."

Yaron ya fassara, idonsa a kan darduma. Baƙon ya ajiye cokali. Ya dubi uwa, ya dubi ɗa, sai ya ce "oke" na uku, busasshe, irin wanda likita ya yi mini ranar da ya gama duba mijina. A ganinsa ga uwa ta rasa abin kirki ko ɗaya da za ta faɗa a kan ɗanta, ga ɗan ya kasa ɗaga kai. Yaya kuwa a nata ganin ta yi daidai, ta kare shi daga bakin duniya.

Ni ba ni na haife shi ba, babu kunyar da ta ɗaure ni. Na gyara zama na ce, "Kai, gaya masa ni ce na raine ka." Na shiga zuba. Na faɗi yadda yake tashi tun duhu ya tafi motsa jiki ko dusar ƙanƙara na zuba, yadda bai taɓa ɗaga mini murya ba, yadda yake yi wa matan bene dakon buhun shinkafa. Na yi magana har sai da maƙogwarona ya bushe. Na ce, "To, fassara."

Ya ɗago kaɗan ya faɗi wasu 'yan kalmomi, bai ko ja numfashi biyu ba, ya yi shiru.

"Shi ke nan?" na ce. "Duk abin da na faɗa?"

"Inna, na faɗa."

"Me ka faɗa?"

"Na ce kin ce ba ni da laifi."

"Ba ka da laifi! Ka fassara zagi da wutsiyarsa, yabo kuma ka yanke masa kai?"

"Inna, ba zan iya yabon kaina ba," ya ce, kunnuwansa kamar za su kama da wuta.

Na tashi ko takalmi ban tsaya nema ba, na fita na buga ƙofar da ke kallon tamu. Wani tsoho ne ɗan Maraɗi a ciki, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana sayar da huluna da tabarau a bakin titi. Turancinsa na titi ne, amma yana kaiwa inda aka aike shi. Na ce, "Baba, taso ka ba da shaida." Na jawo shi da sandarsa ban yi masa bayani ba. Abin da na manta shi ne, tun yaron yana ƙarami tsohon ya ɗauke shi jika, wasan kaka da jika suke yi.

Yana shigowa ya nuna yaron da sanda, ya ce da Turanci, sannan ya maimaita mana da Hausa don mu ma mu ji daɗi: "Wannan? Ƙaton banza ne! Rago! Matata ma yake so ya ƙwace mini."

Na ga baƙon ya fara laluben takalminsa da ido.

"Baba," na ce, "don girman Allah ba wasa ake ba. Aikin yaron nan a hannun mutumin nan yake. Sun ce ba shi da zuciya."

Tsohon ya tsaya. "Mi? Wa ya ce?" Ya nemi kujera ya zauna, ya jingine sandar, ya fuskanci baƙon. Abin da ya faɗa ban ji kalmominsa duka ba, amma labarin na san shi, ta kunne na tsince shi tun lokacin. Wani hunturu na'urar hawa benen ta lalace, wadda shi yake kira asansar, aka daɗe ba a gyara ba. Lokacin an yi wa tsohon aiki a ƙafa, ga mu a hawa na shida. Yaron yana gida hutu. Shi yake goya shi ya saukar da shi zuwa asibiti da masallacin Juma'a, ya kuma hauro da shi, kuma ya roƙi tsohon kada ya gaya wa kowa. Wata rana suna haurowa suka tarar da wasu samari biyu sun tare matakala suna shaye-shayensu. Aka ce su ba da hanya, suka ƙi, ɗaya har ya miƙa hannu zai fizge hular tsohon.

Nan tsohon ya miƙe tsaye yana kwatantawa, ya manta da ƙafar. Yaron bai sauke shi ba. Ya dai sunkuyar da kafaɗa ya ci gaba da hawa, ya kwashi samarin nan biyu a ƙirji ya yi ta tura su da baya da baya, har sai da bayansu ya daki bango. Ya riƙe su a nan har suka ce a yi haƙuri.

"Ina bisa bayanshi," in ji tsohon, yana dukan ƙirji. "Ko girgiza ban yi ba. Hulata ma ba ta motsa ba."

Baƙon ya fashe da dariya, irin ta ciki, har yana buga gwiwa. Ya tambayi yaron ko gaskiya ne. Ya ce e, yana kallon ƙasa. Tsohon ya ƙara masa da cewa a wurinmu yaron da ke zura wa babba ido marar tarbiyya ne, uwa kuma ba ta yabon ɗan fari ko da sarauta aka ba shi. Baƙon ya waiga neman Yaya, amma tun da aka fara yabo ta shige kicin tana ta buga tukwane. Ya jima yana kallon ƙofar kicin ɗin. Sannan ya ja farantinsa ya ce ko akwai ƙari.

Bayan ya tafi Yaya ta fito ta sauke mini kwandon faɗa. Wai na baje yaro a faifai, na tara masa baki, har da gayyato maƙwabta. Ta sa shi ya zauna ta tofe shi da addu'a tun daga kai har ƙafa. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba sai ta dole.

Zaɓen kwana uku ake yi. Na farko ya wuce, na biyu ya wuce, ba mu ji komai ba, dama an ce kada mu sa rai da su. Ranar ƙarshe Asabar ce, bayan azahar. Falonmu ya cika: 'yar Kumasi da mijinta, tsohon Maraɗi, direbobi abokan babansa, kowa yana faɗin ra'ayinsa a kan wasan da rabinmu ba mu gane ba. Sunaye suna ta wucewa a ƙasan talabijin. Ni ba na iya karanta su da sauri, fuskar yaron nake karantawa. Ya kifa wayarsa a kan cinya. La'asar ta yi, aka yi salla aka dawo, surutu ya fara mutuwa. Wani direba ya soma cewa ai a filin jirgi ma ana neman ƙarfafa, mijin 'yar Kumasi ya taka masa ƙafa.

Sai wayar ta yi ƙara. Ya ɗauka ya miƙe tsaye. Daga inda nake na jiyo muryar da ke ciki, na gane ta, ta dattijon nan ce, kafin ya miƙa wa manyansa. Ban jira an gaya mini ba na rangaɗa guɗa, har 'yar Kumasi ta zubar da shayinta. Can sai ga sunansa a talabijin, falo ya kaure, tsohon yana ta dukan ƙasa da sanda yana cewa a ba shi ladan shaida.

Da hayaniya ta lafa aka tambayi yaron sunan garin da ƙungiyar take. Ya faɗa, muka dubi juna. Wani direba ya ce ya taɓa kai kaya can, tafiya ce mai nisa, kuma sanyinsu ya fi namu. Nan take mata suka shiga gardamar abin da zai tafi da shi, yaji ne, kilishi ne, bargo nawa.

Cikin satin ya tafi. Ban san ko shaidarmu ce ta yi aiki ba, ko dama sun yi niyya, ban kuma taɓa tambaya ba. Ya yi 'yan shekaru yana wasa kafin gwiwa ta hana shi. A can ya yi aure, a can yake koya wa yaran sakandare. Yana zuwa mana da salla, amma bai sake dawowa Bronx da zama ba. Ɗakinsa ni na koma ciki, gadon ya yi mini girma.