Kunyar 'yar fari ta sa na yi shiru aka tsaga leɓenta

A lokacin ni sabon magidanci ne a wani ƙauye kusa da Dogo-Dogo, ina noman hatsi da damina, da rani in yi kabu-kabu da moto, wato babur. Gida ɗaya muke da iyayena. Da matata ta haifi 'yarmu ta fari, na bi al'ada sau da ƙafa: ba na ɗaukarta gaban mutane, ba na kiran sunanta, ko kallonta sai a sace.

Mako uku da haihuwa wani jan ɗigo ya fito mata a leɓen sama, ya riƙa tasowa har ya kai ƙwayar gujiya. Na kai su asibiti a Magaria. Likita ya ce ƙananan hanyoyin jini ne suka cunkushe a wurin. Ya rubuta maganin ruwa, a shafa ɗigo guda a kai safe da yamma, kada ya shiga baki, kuma sai an yi watanni kafin jan ya dushe. Sau biyu ya gargaɗe ni kada ƙarfe ya taɓa wurin.

Bayan kwana ashirin Inna, mahaifiyata, ta gaji da jira. Ta ce mataccen jini ne, wanzami zai fidda shi kafin a gama dama fura. Ta juyo ta tambaya ko uban 'ya na zamani yana da ta cewa. Matan tsakar gida suka kwashe da dariya. Matata ta kafe ni da ido, don ita ma kunyar ta ɗaure mata baki. Na ce ai 'yarsu ce, na tada moto na fita.

Da na dawo wanzami ya riga ya tsaga wurin, jini ya jiƙe zane biyu. Wurin ya zama gyambo, ta kasa kama nono, muka koma Magaria. Likitan bai yi faɗa ba, ya tambaya kawai ko ina nan aka yi. Na ce ba na nan. Ban faɗa masa dalilin fitata ba.

Ta rayu. Yanzu tana lakwal, makarantar boko, leɓen a tsinke, in za ta yi dariya sai ta ja hijabi ta rufe baki. Inna tana cewa ƙaddara ce. Ba na jayayya da ita, amma na san kalma ɗaya daga bakina ta isa ta mai da wanzamin gida. Duk wanda aka ba maganin shafawa don irin wannan tabo, ya jure jinkirinsa, ya hana aska. Dariyar da na guda ta wuni ɗaya ce. 'Yata kuwa da wannan leɓen za ta girma.