Daƙiƙa Shida na Baba Rasaki

Ban taɓa mantawa da wata Talata a farkon Disamba ba, shekara uku ke nan, ranar da aka koya mini sana'ata a bakin titi, a gaban kwastomata. Abu uku ne suka shiga haɗari a ranar. Akwai ribar naira dubu ɗari huɗu da nake hange a kan wata ƙaramar mota ruwan toka 'yar Kwatano. Akwai Madam Ifeoma, wadda a shekara goma sha ɗaya ta sayi mota uku a hannuna, ta kuma kawo mini mutum tara daga cocinsu da layinsu na kasuwa. Na uku shi ne rantsuwar da na yi da bakina, ba wanda ya tilasta ni.

Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan kun same ni ana ce mini Alhaji, ina zaune a inuwa. Da kamasho na fara a Fagge, ina tsayuwa a rana ina yabon motar da ba tawa ba. Shekara ashirin da biyu ina wannan harka. Da yatsa nake ƙwanƙwasa ƙofa in gaya maka inda aka cika lotsawa da fila aka bi da fenti, in shinshina kujera in san motar da ta sha ruwa. To mutumin da ya kai nan, wa zai koya masa duba fitilar dashbod? Haka nake gani a lokacin.

Ga wanda bai sani ba, iyabag jakar iska ce da aka naɗe a cikin sitiyari da cikin dashbod na gefen fasinja. Idan aka yi karo sai ta fashe ta cika, ta tare ƙirjin mutum da fuskarsa. Tana da 'yar ƙwaƙwalwarta daban da ta injin, tana kuma da fitilar gargaɗi ja a gaban direba. Abin da dukanmu muka sani shi ne: ka murɗa makulli fitilu su kama, ka tayar da mota su mutu. Idan ta iyabag ta mutu tare da sauran, sai mu ce lafiya lau, a kawo kuɗi.

Madam Ifeoma kayan kicin take sayarwa a Kasuwar Sabon Gari. A nan aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yana. Motar take so ta kai iyalinta garinsu bikin Kirsimeti, tafiyar kwana guda cur. Ba ta tambaye ni shan mai ba, ba ta tambayi sanyin esi ba. Ƙaninta ya rasu a haɗari shekara biyu kafin nan, sitiyari ya daki ƙirjinsa, a motar da aka sayar masa da sunan tana da iyabag.

Ta ce, "Alhaji, abu ɗaya nake so ka gaya mini. Balan-balan ɗin nan yana ciki ko babu?"

Na ce, "Madam, wallahi yana ciki. Kwamfuta ma ta shaida."

Kwamfutar kuwa ta Sale ce, wani makwabcinmu da ya ba kansa sunan Injiniya ranar da ya sayo wata na'ura mai girman wayar hannu. Ya soka ta a ƙarƙashin sitiyari, ya ɗaure fuska kamar likita mai duba hoton ƙashi, ya ce, "Alhaji, babu matsala ko ɗaya. Kamar yau ta fito daga kamfani." Na biya shi dubu biyar, na ƙara masa da godiya.

Madam ta ce ta yarda da ni, amma sai Baba Rasaki ya gani. Ka ji irin yardar 'yan kasuwa. Na ja motar muka tafi.

Baba Rasaki mai wayarin ɗin mota ne, Bayarabe haifaffen Fagge, rumfarsa na wani lungu a Sabon Gari. Dattijo ne siriri, tabaransa ɗaure da jar waya a gefe guda. Da na ga rumfar, na ce a raina yau kuma gidan tarihi aka kawo ni. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya karɓi makulli. Bai buɗe bonet ba, bai ɗauko komai ba. Ya zauna a kujerar direba, ya murɗa makulli fitilu suka kama, sai ya naɗe hannu.

Na ce, "Baba, ai sai ka tayar da ita."

Ya ce, "Ina sauri ne, Alhaji?"

Ya shiga ƙirge da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, har ya kai ashirin. Fitilar iyabag na nan ja, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Sannan ya tayar da injin, ta mutu nan take. Na yi murmushi na dubi Madam, na ce, "Kin gani ko?"

Baba ya ce, "Ta gani. Kai ne ba ka gani ba. Zo ka zauna."

Ya kashe motar ya maimaita, wannan karon yatsansa na kan fitilar baƙin mai. Ya ce in lura da su biyun. Injin na tashi, suka mutu tare, kamar tagwaye. Ya yi mini bayani a hankali, irin bayanin da ake yi wa ɗan aji ɗaya. Fitilar iyabag ta gaskiya ba ruwanta da injin. Da ka buɗe makulli, ƙwaƙwalwar takan duba kanta da wayoyinta, cikin kamar daƙiƙa shida ta kashe fitilar da kanta, ko ka tayar da mota ko ba ka tayar ba. Wadda ta zauna jiran injin, wani ne ya yanke wayarta ya haɗa ta da ta baƙin mai, don ta riƙa kamawa tana mutuwa a lokacin da mai saye yake so.

Na ce, "Amma kwamfuta ta ce babu komai."

Ya ce, "Ta waye?"

Na faɗa masa. Ya gyara tabarau ya ce, "Allah Ya ƙara wa Injiniya basira. Na'urarsa injin kawai take ji. Ka aike shi gidan Musa, ya je gidan Isa ya yi sallama, ya dawo ya ce maka kowa lafiya."

Madam ba ta yi dariya ba. Da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Daga nan ya shiga rumfa ya fito da tasa na'urar, babba, a cikin jakar fata. Ashe gidan tarihin yana da kaya. Ya soka ta, ya zaɓi ɓangaren iyabag, ya juyo mini da fuskarta. Ƙwaƙwalwar ta rubuta cewa motar ta taɓa yin karo, jakunkunan gaba biyu sun riga sun fashe, ita kuma ta kulle kanta tun ranar. Ya ja bel ɗin direba ya sake shi, ya koma da ƙyar kamar mai ciwon baya. Ya ce shi ma ya ƙone a wancan karon, ba zai ƙara riƙe kowa ba.

Ya cire kan batir, ya ce a jira minti goma, domin wutar da ta rage a ciki tana iya fasa jaka a fuskar mai aiki. Na ce, "Wace jakar kuma?" Ya ce, "Ni ban sani ba tukuna, shi ya sa nake jira. Masu sani tun kafin su duba suna Fagge." Na haɗiye wannan ma.

Da lokaci ya cika ya kwance murfin sitiyari. A inda ya kamata a ga farar jaka a naɗe, soson katifa ne aka yanka daidai wurin, da wata tsohuwar singileti an cusa don murfin ya yi tauri. A bakin wata waya mai ruwan ɗorawa an liƙa wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar shinkafa, wanda ake sa wa don a yaudari ƙwaƙwalwar ta ɗauka jakar na nan. Gefen fasinja ma haka, sai dai can an fi karamci, soson ya fi kauri.

Madam ta ɗauki singiletin da yatsa biyu ta ce, "Alhaji, wannan ce za ta tare ƙirjin mijina?"

 

Na koma gefe na kira Ɗanlami, wanda yake sayo mini motoci a Kwatano. Ya saurare ni tsaf ya ce, "Haba Alhaji, iyabag tana hana ajali ne? Ka mayar da murfin ka sayar wa wani. Cikin mutum ɗari wa yake tambaya?" Ka ji malami. Tauhidinsa ba ya tashi sai an zo maganar mayar da kuɗi. Kuma maganar gaskiya, lissafinsa daidai ne, kafin Juma'a da na sayar da ita ba wanda ya ce uffan. Sai dai Madam ta riga ta gani, kuma abin da Madam ta gani da azahar, layin 'yan kayan kicin ya ji shi kafin la'asar. Ba zan ce muku tsoron Allah kaɗai ne ya yi aiki ba. Ya yi nasa, lissafi ma ya yi nasa.

Na dawo na ce, "Madam, na rantse a kan abin da ban duba ba, laifina ne. Ki ba ni mako guda. Baba ne zai sayo kayan da hannunsa, shi zai ɗaura, ni zan biya, farashinki kuma ba zai motsa ba."

Ta ce, "In ya ƙirga shida ta mutu, zan saya."

Kwana tara aikin ya ci. Jaka biyu, bel biyu da ƙwaƙwalwa, duk na Beljiyam, wato na asali da aka ciro daga motocin waje, aka kuma mayar da wayar fitilar gidanta. Ranar karɓa Madam da kanta ta zauna ta murɗa makulli ta ƙirga. Tana cewa shida fitilar ta mutu, injin na kwance. Ta biya a ranar.

Da zan tafi, Baba ya dubi tawa motar, wadda na shekara huɗu ina kai 'ya'yana makaranta a cikinta, ina zuwa Kaduna da uwarsu a gaba. Ya ce, "Alhaji, kawo makullin nan mu gaisa da ita." Na miƙa masa ina dariya. Ya ƙirga har talatin, fitilar na nan ja. A ashirin na daina dariyar.

Abin da na koya game da mutanenmu shi ne, a sana'ar nan an fi samun gwanayen gyaran fitila a kan gwanayen gyaran mota, kuma mu dillalai ne muka horar da su, don fitilar muke biya a kashe. Yanzu ko wace mota ta shigo filina, kafin a wanke ta sai na zauna na ƙirga.

Lissafin ƙarshe ga shi. Gyaran motar Madam ya cinye ribar dubu ɗari huɗun, ya ƙara da dubu ɗari da hamsin daga aljihuna. Na rabu da Ɗanlami. Dubu biyar ta Injiniya Sale na bar masa sadaka. Madam na nan, bara ma ta kawo mini mutum biyu, kowannensu ya zauna yana ƙirge a gabana kamar mai koyon lissafi. Daga cikin sitiyarin tawa motar kuma na samu rabin tawul, mai kyau, har yanzu da shi ake goge gilashi.